Zumunta a Ƙafa Take: Abin da Na Gani a Farish ɗin Maƙwabtanmu

Kafin ku ci gaba, ku buɗe Ayyukan Manzanni 2:42-47 ku karanta a hankali, domin a kan wannan wurin ne maganarmu ta wannan mako za ta tsaya.

Duk wanda ya taɓa shugabancin zumuntar matasa ya san damuwar da zan faɗa. A makon matasa majami'a takan cika maƙil, har sai an aro kujeru. A ɗinka riga iri ɗaya, a gayyato mai wa'azi daga nesa, a yi wasan kwaikwayo, a cika Facebook da hotuna. Bayan mako uku, ranar nazarin Littafi Mai Tsarki, in ka ƙirga mutane sai ka ga ba su kai yatsun hannu da na ƙafa ba, rabinsu ma shugabanni ne. Wanda ya daina zuwa yakan yi wata biyu ba wanda ya taka ƙofar gidansu. Wata rana sai a ji ya faɗa shaye-shaye, ko ya tafi birni neman aiki ba sallama, ko ya bar bin Ubangiji gaba ɗaya. Waɗannan 'yan'uwanmu ne, tare muka zauna a benci ɗaya a Makarantar Lahadi.

Saboda wannan nake so yau mu ɗan leƙa gidan maƙwabta. Na yi shekara shida ina hidima a wani gari a kudancin Kaduna, inda hanya ɗaya ce ta raba majami'armu da Cocin Katolika. Ni da Fadan wurin muna haɗuwa a taron CAN, a wurin jana'iza, da kuma a fadar hakimi in an kira shugabannin addini. A waɗannan shekaru na zura ido na ga yadda suke tafiyar da zaman tarensu, kuma akwai abin da nake ganin zai amfane mu.

Na san wani zai ce, Fasto, ina ruwanmu da Katolika? Gaskiya ne akwai abubuwan da muka bambanta, kuma ba ƙanana ba ne: matsayin Maryamu, roƙon addu'ar tsarkaka, ikon Paparoma, da yadda ake fahimtar Jibin Ubangiji. Na karanci waɗannan a makarantar tauhidi, kuma ina nan a kan abin da na gaskata. Amma da mu da su muna furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, tare muke a cikin CAN tun kafuwarta a 1976, kuma in masu kisa suka shigo ƙauye da dare ba sa tambayar ɗarikar kowa. Ku tuna Fitowa sura 18. Yetro, surukin Musa, firist ne na Madayana, ba daga cikin jama'ar Isra'ila ya fito ba. Duk da haka shi ya ga Musa yana kashe kansa da aiki shi kaɗai daga safe har yamma, ya ba shi shawara ya naɗa shugabanni na dubu, na ɗari, na hamsin da na goma. Musa bai ƙi shawarar don ta fito daga waje ba.

Abu na farko da ya kamata ku sani shi ne ma'anar abin da suke kira farish. A dokar Cocin Katolika, wadda aka sabunta a 1983, farish galibi yanki ne na ƙasa mai iyaka, kuma duk ɗan Katolika da ke zaune a cikin wannan iyakar na farish ɗin ne. Bishop ne yake tura Fada, shi ne kuma yake ɗauke shi in lokaci ya yi. A shekaruna shida na ga an canja Fada sau biyu. An yi liyafar ban kwana, mata sun yi hawaye, amma Lahadi ta gaba kowa yana wurin zamansa. Ban ji an ce rabin jama'a sun bi tsohon Fada zuwa inda aka kai shi ba. Mutanen suna ganin cocin nasu ne, na unguwarsu, nan aka yi musu baftisma, nan kuma za a yi musu jana'iza. Ku gwada wannan da halin da ya shigo wa matasa a yau, na bin duk inda aka ce an sami sabon mai wa'azi mai zafi, wannan wata a nan, wata mai zuwa a can. Mai irin wannan yawo in ya kwanta ciwo babu wanda zai san ya kwanta, domin ba inda aka saba ganinsa.

Abu na biyu shi ne ƙarancin Fada. Farish ɗin da nake magana a kai yana da ƙananan majami'u a ƙauyukan da ke kewaye, wasu sai an tsallake rafi da damina kafin a kai gare su. Fada ba zai iya isa ko'ina ranar Lahadi ɗaya ba. Wani ƙauyen sai bayan makonni yake ganinsa. Wanda yake riƙe da jama'a a tsakani shi ne katikis. Ba shi da ikon yin Misa, amma shi yake bi da sujadar Lahadi, ya karanta Maganar Allah, ya koyar da masu shirin baftisma, ya ziyarci marasa lafiya, ya yi addu'a a bakin kabari. Yawancin waɗanda na sani manoma ne, da safe suna gona kamar kowa. Wannan tsari ya daɗe. Tun da Fadoji uku na ƙungiyar SMA suka sauka a Shendam a 1907, aikin bai taɓa yaɗuwa da yawan Fadoji ba, a ƙafafun katikis da malaman makaranta ya shiga ƙauyuka. A 2021 Paparoma Francis ya mai da aikin katikis hidima ta musamman da coci take naɗawa a hukumance, amma mutanen karkararmu sun riga sun san darajarsa tun kafin nan. Mu ma muna da irinsu, wato masu bisharar da suka kafa yawancin majami'unmu da keke da fitilar ƙwai. Da yake Fada ba ya wadatar kowa, dole jama'a suka koyi ɗaukar nauyin juna.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi jan hankalina, wato ƙungiyoyi. A farish da wuya ka sami mutumin da ba shi da wurin da yake. Iyaye maza suna da tasu ƙungiya. Iyaye mata suna da Zumuntar Mata Katolika, da zanensu iri ɗaya, da tulu da caki, kamar dai namu iyayen. Matasa suna cikin CYON. Yara suna da tasu, akwai mawaƙa, akwai masu karatu a sujada, akwai yara masu hidima a bagadi. Daga tagar ofishina ina ganin harabar cocinsu, kuma ba na tuna yammacin da na gan ta babu kowa. Yau waɗannan a ƙarƙashin mangwaro, gobe waɗancan a ajin makaranta. Da magariba kuma, musamman a watan Mayu da Oktoba, za ka ji muryar yara a wata unguwa suna jan carbinsu a tsakar gidan wani. Ban da haka an rarraba garin unguwa-unguwa, kowace tana da shugabanta, suna taruwa a gidajen juna su karanta nassin Lahadi, su ji wane ne ya haihu, wane ne ke kwance, wane ne ruwa ya rushe wa ɗaki.

Biyu daga cikin ƙungiyoyin nan nake so ku dube su da kyau.

Ta farko ita ce Rundunar Maryamu, wadda mutane suke kira Lijon. Wani ma'aikacin gwamnati mai suna Frank Duff ne ya kafa ta a Dublin, ƙasar Ailan, ranar 7 ga Satumba 1921. Addu'o'insu ba irin namu ba ne, kuma ba su nake ce muku ku ɗauka ba. Tsarin aikinsu ne abin dubawa. Suna haɗuwa sau ɗaya kowane mako, rana ɗaya, lokaci ɗaya. A wurin taron shugaba yakan ba kowane mutum biyu aikin da za su yi na kimanin awa biyu kafin mako ya zagayo: ku biyu ku je asibiti, ku biyu ku je gidan tsohuwar nan da ba ta iya fita, ku biyu ku nemo wane da aka daina gani a coci. Mako mai zuwa, kowa zai miƙe a gaban 'yan'uwansa ya ba da rahoton abin da ya yi, sakatare yana rubutawa.

Na sha haɗuwa da su a babban asibitin garin. Wata Laraba na je duba wani dattijon ikkilisiyarmu da aka yi wa aiki, sai na tarar da mata biyu a gadon da ke kusa da nasa. Wani saurayi ne a kwance, baƙo, mota ta buge shi, ba a san danginsa ba. Ɗaya tana ba shi kunu da cokali, ɗaya ta ɗauki kayansa ta fita wankewa. Na tambaye su ko ɗan'uwansu ne, suka ce ba su san shi ba, aikin da aka ba su ke nan wannan mako. Babbar cikinsu ta ce da ni, "Baba Fasto, in ban zo ba, me zan faɗa ranar Asabar in an kira sunana?" Maganar ta zauna mini. Ba ta ce tana jin wata ƙauna mai zafi a zuciyarta ba. Mai yiwuwa ta gaji, mai yiwuwa ta bar girki a gida. Amma akwai ranar da za a tambaye ta, kuma saurayin nan ya sha kunu.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Littafi Mai Tsarki. A Luka sura 10 Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu, suka tafi, suka dawo suka faɗa masa abin da ya faru. A Markus 6:30 ma manzannin sun taru wurinsa suka ba shi labarin abin da suka yi da abin da suka koyar. Aikawa da komowa da rahoto, duk suna nan. Mu mukan yi kira a gaban majami'a mu ce, 'yan'uwa mu riƙa ziyartar juna, kowa ya ce amin. Da yake ba a kira sunan kowa ba, ba a kuma sa ranar tambaya ba, sai aikin ya zama na kowa da kowa, wato ba na kowa ba.

Ta biyu ita ce ƙungiyar St. Vincent de Paul, kuma labarinta naku ne, domin matasa ne suka fara ta. A 1833, a birnin Paris na Faransa, akwai wani ɗalibin shari'a mai suna Frédéric Ozanam, shekarunsa 20. Yana cikin ɗaliban da suke muhawara suna kare bangaskiyar Kirista a gaban masu yi mata ba'a. Wata rana aka ƙalubalance su cewa sun cika yabon abin da coci ta yi a da, to a yau me suke yi wa matalauta? Maimakon su ƙara shirya wata muhawara, shi da abokansa kaɗan suka fara zuwa gidajen matalauta da abinci da itacen wuta. Ƙungiyar da ta fito daga nan tana ƙasashe da yawa a yau, har da Najeriya. A taronsu akan zagaya da jaka, kowa ya sa hannu a ciki, ba wanda ya san nawa wani ya saka ko bai saka ba. Taimakon kuma ba a kiran mutum gaban jama'a a miƙa masa. Su suke zuwa gidansa, su biyu, su zauna su ji matsalarsa. A garin da na zauna, na san gwauraye da marayun da ba 'yan Katolika ba waɗanda mudun masara yake isa gidansu ta wannan hanya, ba tare da maƙwabta sun sani ba. Ku karanta Matiyu 6:1-4 ku ga ko ba haka Ubangiji ya ce a yi sadaka ba.

Akwai kuma yadda shekararsu take tafiya, wadda take haɗa su ko da ba a buga takardar gayyata ba. Larabar Toka ta buɗe azumin kwana 40. Kowace Juma'a a cikinsa suna bin Hanyar Gicciye, zango 14, suna tunawa da shan wuyar Almasihu. A watan Nuwamba, ranar idin Almasihu Sarki, sukan fito kan titi da jerin gwano, yaro da babba, har gari ya san da su. Da kaka kuma akwai godiyar amfanin gona, inda iyali-iyali da ƙungiya-ƙungiya suke fitowa da rawa, da doya, da damin dawa, da akuya, bayan sujada a yi gwanjonsu don aikin coci. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar masu share fili, masu dafa abinci, masu tsaron ƙofa, masu lissafi. A cikin irin wannan aiki ne saurayi yake sanin sunan dattijon da yake gani daga nesa, dattijon kuma ya san ɗan gidan wa ne. Game da kuɗi ma, dokarsu ta wajabta wa kowane farish ya kasance da majalisar kula da dukiya, wadda membobi suke ciki suna taimakon Fada.

Kada ku ɗauka ina cewa gidan maƙwabta ba ya yoyo. Su da kansu suna kukan yawan karo-karo, na anko, na gini, na gwanjo, har talaka ya ji kunyar fitowa ranar godiya. Akwai gasa tsakanin ƙungiyoyi, akwai rikicin zaɓen shugabanni, akwai wanda yake cikin ƙungiya uku amma halinsa a gida bai canja ba. Duk waɗannan muna da su a namu gidan. Mutum yana iya cika kowane taro zuciyarsa tana nesa da Allah, kuma babu rajistar da za ta kai kowa sama. Afisawa 2:8-9 ta bayyana a fili cewa ceto kyauta ne ta wurin alheri, ba ladan aiki ba. Sai dai kada ku tsaya a nan, ku karanta aya ta 10, inda aka nuna cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyukan da Allah ya riga ya shirya mana. Tsari ba ya haifar da ƙauna, amma ƙaunar da ba a shirya mata hanya ba takan ƙare a baki. Ko ikkilisiyar farko, da take cike da Ruhu Mai Tsarki, sai da aka yi gunaguni cewa ana mantawa da wasu gwauraye wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a ƙara addu'a kawai ba. A Ayyukan Manzanni sura 6 sun sa aka zaɓi mutum bakwai, da sunayensu, aka danƙa musu aikin.

Amfanin irin wannan shiri yakan fito ne a ranar wahala. A ƙarshen 2014, da Boko Haram suka kama Mubi da garuruwan arewacin Adamawa, dubban mutane suka kwararo Yola. Babban cocin Katolika na St. Theresa ya buɗe ƙofarsa, mutane suka cika harabarsa, da yawansu ba Katolika ba ne, wasu ma ba Kirista ba ne. Waɗanda ba su iya komawa gida ba sun yi shekaru a wurin. A 2021 Bishop Stephen Mamza da dayosis ɗin Yola suka buɗe musu gidaje 86 a Sangere-Marghi, da makaranta, da coci, da masallaci domin Musulmin da ke cikinsu. A ganina, jama'ar da ta saba rubuta suna, da raba aiki, da auna hatsi a ranakun zaman lafiya ita ce take iya ciyar da taro a ranar gudu. Ba a ranar gobara ake haƙa rijiya ba.

To, mu fa? Ba na roƙon ku ku kafa sabuwar ƙungiya ko ku ɗinka sabon anko. Ga abin da nake so shugabanninku su zauna a kai kafin ƙarshen wata.

Ku rubuta sunan kowane matashi da ke cikin ikkilisiyar nan, da mai zuwa zumunta da wanda ya daina, da wanda yake makaranta a wani gari, da wanda yake bautar ƙasa. Ku rarraba sunayen unguwa-unguwa, kada rukuni ya wuce mutum goma, kowane rukuni da mai kula da shi.

A ƙarshen kowane taron mako, kafin addu'ar rufewa, ku raba aiki biyu-biyu, samari da samari, 'yan mata da 'yan mata. A kira suna, a faɗi gidan da za a je. Saƙon WhatsApp yana da amfaninsa ga wanda yake nesa, amma ga wanda yake cikin gari, iyayenmu sun riga sun ce zumunta a ƙafa take.

A farkon taro na gaba, ku ba da minti goma don jin rahoto. Ba wurin tona asirin kowa ba ne. Ya isa a ce mun je, mun same shi, yana bukatar addu'a a kan aiki. Abin da ya fi ƙarfinku ku kawo wa fasto ko dattawa a keɓe.

Ku sami jaka ɗaya da za ta riƙa zagayawa, kowa ya sa abin da ya samu ba tare da an gani ba. Mutum biyu su ƙirga, a rubuta, a yi amfani da shi don kuɗin magani ko na jarrabawar wanda ya rasa, ba tare da sanarwa a gaban majami'a ba.

In kuma kana karanta wannan kai ne wanda ya daɗe bai zo ba, kana ganin ba wanda ya lura, ina so ka sani wurinka yana nan. Kada ka jira sai ka gyara rayuwarka tukuna. Ka zo yadda kake, kuma in an ƙwanƙwasa ƙofarka a makonni masu zuwa, ka buɗe.

Mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin ka sa mu a cikin jiki ɗaya, ba ka bar kowa shi kaɗai ba. Ka albarkaci maƙwabtanmu na Katolika, Fadojinsu da katikis ɗinsu da dukan masu hidima a cikinsu, ka tsare su a hanyoyin ƙauyuka a wannan lokaci na rashin tsaro. Ka buɗe idanunmu mu ga kujerar da ba kowa a kanta, ka ba ƙafafunmu ƙarfi mu je mu nemo mai ita. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.